Ƙarin bene a kan tsofaffin ajujuwa: me ake dubawa kafin a zuba dekin?

Mai Zanen Gini:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga tambayar da take tasowa duk lokacin da ɗalibai suka yi wa makaranta yawa. A ɗauka akwai jerin ajujuwa huɗu na ƙasa, kowane aji mita 7 a faɗi, mita 9 a tsawo. Bangon bulo ne mai inci tara, fandisho na tsiri aka zuba a ƙarƙashinsa, rufin kwano a kan katako. Ginin bai tsage ba, bai karkata ba. Hukumar makaranta tana son a yaye rufin, a zuba dekin, a ɗora wasu ajujuwa huɗu a sama. Ɗaya hanyar kuma a gina sabon sashe a gefe, a haɗa shi da tsohon. Ina roƙon mu tattauna da lambobi, kada mu tsaya a kan "ai zai ɗauka".

Mai Lissafin Gini:
Wa alaikumus salam. Mu fara da nauyin da za a ɗora, domin shi ne mutane ba sa gani. Kankare mai rodi yana da nauyin kilonyuton 24 a kowace mita kubik (kilonyuton ɗaya kusan nauyin kilo 100 ne), don haka dekin mai kaurin milimita 150 shi kaɗai 3.6 ne a kowace murabba'in mita. Ƙara daɓen sama da filastan ƙasa, kusan 1.5. Nauyin ɗalibai da kujeru da tebura, ƙa'idar gini ta Birtaniya, BS 6399, ta ba aji 3.0, ta Turai, wato Eurocode, ma a nan ta tsaya. Jimla 8.1. Ka ninka da murabba'in mita 63 na aji ɗaya, ka sami kusan kilonyuton 510, wato tan 51. Ba mu sa bangon sama ba tukuna, wanda idan an yi masa filasta ciki da waje yana kai kilonyuton 10 a kowace mita ta tsawonsa. Ba mu sa bim ba, wato dogarin kankare da ke kwance a ƙarƙashin dekin, ba mu sa sabon rufi ba.

To yanzu a duba abin da tsohon bangon yake ɗauke da shi a yau: katako da kwano da silin, abin da da ƙyar ya wuce rabin kilonyuton a murabba'in mita. Rashin tsagewarsa shaida ce cewa yana iya ɗaukar wannan ɗan nauyin. Bai faɗa mana komai a kan nauyin da ya ninka shi sau goma sha biyar ba.

Tsohon Birkila:
Injiniya, ranka ya daɗe, lissafin ya fito. Amma akwai abin da nake so a duba. Yawancin irin waɗannan ajujuwa ana zagaye su da linta, rodi huɗu mai milimita 12, daga kusurwa zuwa kusurwa. Wannan lintar ba za ta raba nauyin dekin a kan bangon duka ba? In an raba tan 51 a kan bango mai zagayen mita 32, abin da ya faɗo wa kowace mita ba shi da yawa.

Mai Lissafin Gini:
Baba, da nauyin zai sauka daidai wa daida a kan bangon duka, da maganarka ta yi ƙarfi. Amma ba haka yake sauka ba. Dekin mai milimita 150 ba ya tsallake mita 7. A ƙa'idar BS 8110, abin da ya zauna a kan madogara biyu kawai, ana raba tazararsa da 20 a sami zurfin da ake fara lissafi da shi: 7000 a raba da 20, milimita 350. Saboda haka dole a sa bim a kowace mita 3, dekin ya tsallake mita 3 kawai, bim ɗin ya tsallake 7.

Kowane bim yana kwasar nauyin tsiri mai faɗin mita 3. Idan aka ninka nauyin gini da 1.4, nauyin mutane da 1.6 kamar yadda ƙa'ida ta ce, ana samun kusan 12 a murabba'in mita, wato 36 a kowace mita ta bim, da nauyin kansa ya kai 40. A tsawon mita 7 ya zama 280, rabin wannan yana sauka a kowane ƙarshe: kilonyuton 140 a wuri ɗaya mai faɗin bulo. Ka raba 140,000 da milimita 225 sau 225, ka sami nyuton 2.8 a kowace murabba'in milimita. Bulon kuma mai rami ne, kusan rabinsa iska, don haka naman bulon yana shan sama da 5. Bulon da aka buga don bangon ƙasa, sau da yawa bai kai 2.5 ba. Linta mai zurfin inci tara za ta ɗan baza nauyin zuwa bulo biyu ko uku, iyakarta ke nan. Sannan a tuna bangon aji tagogi ne suka cinye shi. Abin da ya rage tsakanin taga da taga wani lokaci bai fi bulo biyu ba, kuma a kansa bim zai zauna.

Injiniyar Ƙasa:
Ni kuma zan sauko da ku ƙasa, don ko bangon ya ɗauka, fandishon ne zai miƙa wa ƙasa. Ginshiƙi ɗaya a irin wannan gini, idan aka haɗa dekin da bangon sama da rufi da rabon baranda, yana kawo kusan kilonyuton 180 kafin a ninka shi da komai. Ƙasar da ke ɗaukar 150 a murabba'in mita tana buƙatar tushe mai mita 1.1 a kowane gefe. Idan 100 take ɗauka, sai ya koma 1.35. Tsohon fandisho na tsiri yawanci faɗinsa milimita 600 zuwa 675, kaurinsa 150 zuwa 225, kuma ba rodi a ciki. Ba a yi shi don nauyi ya taru masa a wuri ɗaya ba.

Abu na farko da ake yi, kafin zane, kafin komai, shi ne haƙa ramin gwaji a jikin tsohon bango. Aƙalla a kusurwoyi biyu masu kallon juna da tsakiyar doguwar fuska. A haƙa har a ga ƙasan fandisho, a auna faɗinsa da kaurinsa da zurfinsa da tef, a ga irin ƙasar da ya zauna a kai. Zanen da aka yi ginin da shi, ko da an same shi, ba ya maye gurbin wannan ramin, domin abin da aka zana daban, abin da aka zuba daban. Daga nan a gwada ƙasar har zurfin da ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na faɗin sabon tushe, a ƙasan inda zai zauna, saboda har can nauyin yake kaiwa. Ana iya samun jan ƙasa mai tauri a mita ɗaya, a ƙarƙashinta kuma laka mai taushi ko tsohon rami da aka cike da shara. Ginin ƙasa bai taɓa jin wannan lakar ba. Bene zai ji ta.

Mai Zanen Gini:
To Hajiya, me za a ce da masu fasa bango su cusa fila, wato ginshiƙi, a ciki? Ana yin sa sosai.

Mai Sa Ido a Fili:
Bari in amsa wannan, don a fili ake ganin ɓarnarsa. Ana tsaga bangon daga sama zuwa ƙasa, a sa rodi huɗu, a rufe da katako a zuba kankare. Matsala uku ce. Ta farko, filar tana tsayawa a kan jamanfulo, wato kankaren daɓen ƙasa, ko a kan tsohon fandisho, ba ta da tushen kanta, sai ta zama kamar ƙusa da ake danna wa a kan faranti. Ta biyu, ramin da aka tsaga faɗinsa inci tara ne, gefensa biyu bulo mai rami. Kankaren yana tsiyayewa cikin ramukan, bulon yana shanye ruwansa, faibireta, injin girgiza kankare, ba ta shiga sosai, sai a buɗe katako a tarar da saƙar zuma, rodi a waje. Ta uku, rodin filar ba shi da inda ya kama a ƙasa. Haɗin rodi da rodi yana son tsawon da ya kai ninki 40 zuwa 50 na kaurinsa, wato rodi mai milimita 16 yana son kusan milimita 800. Wanda aka huda rami mai zurfin ɗan yatsa aka soka shi, bai kama komai ba.

In har za a yi fila, a yi ta da gaske: a fasa daɓe, a haƙa, a zuba tushe mai ragar rodi, a fito da rodin farawa daga cikinsa, sannan a tashi fila. Bangon ya koma labule kawai, ba ya ɗauke da kowa.

Mai Lissafin Gini:
Wannan ita ce hanyar da nake amincewa da ita: sabon ƙashin gini mai cin gashin kansa. A jera sabbin ginshiƙai a wajen tsohon bango, kowanne da tushensa, bim ya tsallake saman tsohon ajin, a bar 'yar tazara tsakanin ƙasan bim da kan tsohon bango, a cike ta da abu mai laushi. Tazarar nan tana da muhimmanci. Bim mai mita 7 yana lanƙwasawa kaɗan da shekaru, in ya taɓa bangon zai fara ɗora masa nauyin da aka ce ba zai ɗauka ba. Amma a lura, fitar da ginshiƙai waje yana ƙara tazarar bim zuwa kusan mita 7.5, kuma ƙarfin lanƙwasa yana tafiya ne da tazara sau kanta, don haka ƙarin rabin mita yana ƙara kusan kashi 15 cikin ɗari.

Injiniyar Ƙasa:
Kuma sabon tushen zai ci karo da tsohon, nan ne gizo ke saƙa. Ginshiƙin yana manne da bango, don haka ba zai zauna a tsakiyar tushensa ba, sai a gefe. Tushen da aka danna a gefe yana son ya kifa. Ko dai a yanke tsohon fandisho a wurin, a tallafe bangon, a zuba tushen ya shiga ƙarƙashinsa, ko a ɗaure tushen da bim na ƙasa zuwa takwaransa na ɗaya gefen. Kada a haƙa ramukan duka a rana ɗaya. A haƙa ɗaya, a tsallake biyu, a zuba, ya yi ƙarfi, sannan a dawo. Ramin da ya zarce ƙasan tsohon fandisho a kusa da shi yana janye masa ƙasar da ya dogara da ita, in ruwan sama ya shiga kuwa, bangon yana iya zamewa cikin dare ɗaya.

In aka haɗa wannan wahala duka, sai a ga abin da aka ceta daga tsohon gini bango ne da daɓe da tagogi. Shi ya sa, inda akwai fili, nake fifita sabon sashe a gefe.

Mai Zanen Gini:
Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, Hajiya. Fili a makaranta ba rarar ƙasa ba ce. Wurin wasa ne, wurin taron safe ne, kuma nan ake tara yara idan gobara ta tashi. Sashen da aka matse kusa da tsohon yana toshe masa haske da iska, aji mai faɗin mita 7 kuwa yana buƙatar tagogi ta fuska biyu. Akwai makarantun da in ba sama ba, ba su da inda za su je. Me zai hana a rage nauyin benen maimakon a haƙura da shi? Ƙashin ƙarfe, bangon sama marar nauyi, dekin mai haƙarƙari da bulon rami a tsakani.

Mai Lissafin Gini:
Ana yi, kuma yana rage nauyin gini sosai, musamman in aka cire bulo daga bangon sama. Sai dai nauyin mutane ba ya raguwa: 3.0 a aji, 4.0 a baranda da matakala, 5.0 a ɗakin taro da ba a kafe kujerunsa ba. Ɗakin ajiyar littattafai kuwa, 2.4 ne a kowace mita ta tsayin kanta, kuma ba a sauka ƙasa da 6.5. Makaranta tana sauya wa ɗaki aiki ba tare da ta tambayi kowa ba. Ajin bana shi ne laburaren baɗi. Don haka a rubuta a kan zane, a kuma faɗa wa hukuma baki da baki, wane ɗaki ne aka lissafa don littattafai. In ba a lissafa ko ɗaya ba, laburare ya zauna a ƙasa.

Tankin ruwa ma haka. Lita 5,000 tan 5 ne, a kan gindin da bai wuce murabba'in mita 3 ba, wato kusan 17 a murabba'in mita, sama da ninki biyar na abin da aka lissafa wa aji. Ko ya zauna a kan ginshiƙai kai tsaye, ko a yi masa hasumiyarsa daban.

Mai Gwajin Kankare:
Duk lissafin da Injiniya ya yi ya rataya ne a kan cewa rodin da kankaren su ne abin da aka rubuta. Mu koma kan bim ɗin nan. Kilonyuton 40 a mita, tazara 7, ƙarfin lanƙwasa ya zama 245. Bim mai 225 a faɗi, 600 a zurfi, da rodi mai ƙarfin 460, yana son kusan murabba'in milimita 1,200 na ƙarfe a ƙasa. Rodi huɗu masu milimita 20 suna ba da 1,257. Ya isa, amma da kaɗan. In ƙarfin rodin 410 ne, buƙatar ta haura 1,300, huɗun ba su isa ba. In kuma rodin da aka sayar da sunan 20 ainihinsa 18 ne, faɗin kansa ya sauko daga 314 zuwa 254, an yi asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Gane wannan ba ya buƙatar ɗakin gwaji. A yanki mita ɗaya cif, a ɗora a sikeli. Mai 12 ya kamata ya yi kilo 0.89, mai 16 kilo 1.58, mai 20 kilo 2.47. Ƙarfinsa kuwa sai an kai an ja shi da inji, kuma a kai daga kowace mota da aka sauke, ba daga ta farko kawai ba.

Kankare kuma ruwa ne ke kashe shi. Buhun siminti mai kilo 50 yana son kusan lita 25, har da danshin da ke cikin yashi. Masu zuba suna ƙara ruwa don ya yi saurin gudu a baro, ƙarfin kuma yana tafiya da ruwan. A auna da bokiti mai alama, a auna yashi da tsakuwa da akwati ɗaya ko kwanon sarki ɗaya. A ɗebi samfuri a akwatin milimita 150 daga kowace zuba, a fasa wasu a kwana 7, wasu a kwana 28. Na kwana 7 yakan ba da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin ƙarshe, don haka yana faɗakarwa tun kafin a ɗora wani abu a kai.

Tsohon Birkila:
Akwai abu ɗaya a kan rodi huɗun nan. A bim mai inci tara, in ka cire biskit na gefe biyu, wato ɗan kankaren da ke raba rodi da katako, da kaurin ringin da ke zagaye rodin, abin da ya rage tsakanin rodi da rodi bai wuce milimita 25 ba. Tsakuwa mai girma ba ta wucewa, sai ta tsaya a sama, ƙasan bim ya fito da rami. Gara a yi rodi uku masu 25, ko a jera su hawa biyu, ko a faɗaɗa bim ɗin zuwa 300.

Mai Lissafin Gini:
Gaskiya ne Baba, uku masu 25 suna ba da 1,473, sun fi kuma sauƙin zuba.

Mai Sa Ido a Fili:
Ina so mu daɗe a kan baranda, domin a makaranta ita ce wurin da ya fi haɗari, kuma ita aka fi yi wa sakaci. Ana son a yi ta a rataye, ba ginshiƙi a bakinta, ta fito mita 1.8 ko 2. Abin da ya rataya, rodinsa a sama yake aiki. Ranar zuba kankare leburori suna bi ta kansa da baro, suna taka shi, ya kwanta. Rodin da ya kamata ya tsaya milimita 120 daga ƙasan dekin, in ya sauka zuwa 60, ƙarfin barandar ya ragu da kusan rabi, kuma bayan an zuba ba mai iya gani. Alamar farko ita ce tsaga siririya a saman daɓe, a jikin bango, tana bin tsawon barandar. Ruwa yana shiga ta nan, tsatsa ta ci rodin a daidai inda ake buƙatarsa.

Maganinsa: kujerun rodi a ƙarƙashin ragar sama, ba su fi mita ɗaya tsakani ba, a shimfiɗa katako a bi ta kai, mutum ɗaya ya tsaya ba shi da aiki sai duba rodin sama har a gama. Rodin ya shiga cikin dekin na aji aƙalla ninki ɗaya da rabi na fitowar barandar. Kaurinta kuma, ƙa'ida tana raba fitowar da 7, ba da 20 ba: mita 1.8 tana nuna kusan milimita 250, ba 150 ba. Amma in za a ji shawarata, a sa ginshiƙai a bakin baranda a huta. Ana tashi daga aji, yara ɗari biyu suna fitowa lokaci ɗaya, kuma duk bakin baranda suke nufa su leƙa ƙasa.

Shingen bakin ma gini ne, ba ado ba. Tsayinsa mita 1.1, tazarar sandunansa ƙasa da milimita 100 don kan yaro kada ya shiga, ba sanduna a kwance da za a taka a hau. A lissafa shi da turin kilonyuton 1.5 a kowace mita, inda ake cunkoso har 3. Bulo mai inci shida da aka jera a bakin dekin ba tare da rodi ya fito daga ciki ba, turi ɗaya ne zai kifar da shi a kan na ƙasa.

Mai Zanen Gini:
Matakala kuma biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, kada a ce ɗaya ta isa. Hawa milimita 150 zuwa 165, wurin taka ƙafa 280 zuwa 300, kuma duk su zama daidai. Taki ɗaya da ya bambanta da sauran shi ke kayar da yaro, na bayansa su faɗo a kansa.

Injiniyar Ƙasa:
Mu dawo kan sashen gefe, don shi ma yana da nasa tarkon. Tsohon gini ya gama zama a ƙasarsa shekaru da suka wuce. Sabon zai nutse milimita kaɗan a shekarunsa na farko, a kan laka ma ya fi daɗewa yana yi. In aka saƙa bulon sabo cikin na tsoho, aka huda rodi aka haɗa linta da linta, sabon zai ja tsohon, tsaga ta fito a mahaɗa ko ta bi ta kusurwar tagar da ta fi kusa. A raba su tun daga tushe har rufi: tazarar milimita 20 zuwa 25, a cike da allo mai matsuwa, a toshe bakin da abin toshewa mai laushi, a rufe saman da kwano mai lanƙwasa da aka kafe a gefe ɗaya kawai. Sabon sashe ya sami ginshiƙinsa a mahaɗar, kada ya jingina bim a kan tsohon bango. Tayil da filasta kada su tsallake tazarar. Inda ake girgizar ƙasa, wannan tazarar ba ta isa ba, sai an lissafa yadda kowane gini zai yi lilo don kada su yi karo.

Sabon tushe ya zauna daidai zurfin tsohon. In dole ya fi shi zurfi, a ja shi baya yadda layin da aka zana da karkatar digiri 45 daga gefen tsohon ba zai ratsa ramin ba. Sannan ruwan rufin biyu yanzu zai taru a wuri ɗaya. A ƙasar laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani, wannan ruwan kaɗai ya isa ya ɗaga gefe ɗaya na gini. A kai shi nesa da bututu.

Mai Lissafin Gini:
Tunda an ambaci girgizar ƙasa, akwai aibin da ya zama kamar na ajujuwa ne musamman. A fuskar baranda ana tashin bango ya kai sama, a bar taga siririya a ƙarƙashin bim daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Bangon ya riƙe ƙasan ginshiƙin, ɗan guntun da ke gefen taga ne kawai zai iya motsi. Taurin ginshiƙi yana ƙaruwa da raguwar tsayinsa sau uku a ninke: in tsayin ya koma rabi, taurin ya ninka takwas, kuma ƙarfin girgiza yana bin inda ya fi tauri. Guntun sai ya tsage a gicciye. Ko a raba bangon da ginshiƙin da tazara, ko a matse ringi a milimita 100 a duk tsayinsa, kuma bakin ringin a lanƙwasa shi digiri 135 ya shige cikin kankare. Mai digiri 90 yana buɗewa da zarar fatar kankare ta ɓare.

Iska kuma tana ko'ina. Mai gudun mita 40 a daƙiƙa tana matsa kusan kilonyuton 1 a murabba'in mita, a baki da kusurwar rufi kuma tsotsa take yi sama, fiye da nauyin kwanon da katakonsa. Bene ya fi ginin ƙasa shan iska. Kowane katakon rufi a ɗaure shi da ƙarfen da aka binne cikin linta tun ranar zuba, ƙusa a kan bulo ba ɗauri ba ce. Bangon alwatika na ƙarshen rufi shi ma a ɗaure kansa. A Janairun 2016, a makarantar firamare ta Oxgangs da ke Edinbura, iska ta zubar da kusan tan 9 na bangon waje, bincike ya nuna ƙarafan da ke ɗaure bangon waje da na ciki ba su shiga yadda ya kamata ba. Daga baya aka rufe makarantu 17 a birnin don a duba su. Zanen ba shi ne ya gaza ba, ba a sa ido lokacin aiki ba ne.

Mai Gwajin Kankare:
Idan tsohon ginin da ma yana da ginshiƙai da dekin, aka ce "an yi shi don bene", wannan magana ma sai an gwada ta. Gudumar gwaji da ake bugawa a fata tana nuna wuri mai rauni da mai ƙarfi ne kawai, ba a gina lissafi a kanta. A ciro ɓargon kankare mai faɗin milimita 100 daga wurare da dama a fasa. A bi da na'urar gano rodi a san yawansa da zurfinsa, a ɓare wuri ɗaya ko biyu a auna da ido. A fesa ruwan finoftalin a kan sabon ɓari: inda ya koma ruwan hoda kankaren yana kare rodi, inda bai sauya ba kariyar ta tafi. In wurin da bai sauya ba ya kai ga rodi, tsatsa ta kusa ko ta fara. Rodin farawa da aka bari a sama shekaru yana shan rana da ruwa, a kankare shi a auna abin da ya rage.

A kuma san da me aka yi rufin. A Ingila, ƙarshen Agustan 2023, ana gab da dawowa daga hutu, aka umarci makarantu sama da 100 su rufe gine-ginen da ke da RAAC, wani kankare mai kumfa marar tsakuwa da aka yi rufi da shi daga shekarun 1950 zuwa na 1990. Yana shan ruwa, rodinsa ya yi tsatsa a ɓoye, kuma yana iya karyewa a inda ya zauna kan madogara ba tare da ya nuna alama ba. Irin wannan ba a ɗora masa ko na'urar hasken rana sai an bincika.

Mai Sa Ido a Fili:
Saura lokacin aikin kansa, wanda shi ne ginin ya fi rauni. Ɗanyen kankare nauyi ne zalla, ba ya ɗaukar komai, duk yana kan katako da sandunan tallafi. Sandunan su tsaya a kan katako mai faɗi, ba a kan ƙasa ko bulo ba, tazararsu kusan mita ɗaya, a ɗaure su a gicciye ta fuska biyu. Sanda mai tsayin mita 3 da aka haɗa guntu biyu da ƙusa, a tsakiya take karyewa. Kada a tara buhunan siminti ko bulo a tsakiyar sabon dekin. A riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7. Katakon gefen bim ana iya cirewa bayan kwana ɗaya ko biyu, tallafin dekin ya kai kwana 14, na bim mai mita 7 kwana 21, na baranda mai rataya kwana 28, kuma sai sakamakon gwajin samfuri ya fito.

Babu yaro a ƙarƙashi, ko a ajin da ke maƙwabtaka, daga ranar da aka yaye rufi har ranar da aka cire tallafi na ƙarshe. A Nuwamban 2008 makarantar La Promesse a Haiti ta rufta ana cikin darasi, ana kuma aikin ƙarin hawa a samanta, mutum sama da 90 suka rasu, yawancinsu yara. A Satumban 2025, a Sidoarjo ta ƙasar Indunusiya, ginin wata makarantar kwana ya rufta ana zuba kankaren hawa na sama, ɗalibai suna salla a ƙasa, sama da 60 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. In hutu bai isa a gama ba, a nema wa yaran wani wuri, a killace filin aikin da shinge mai ƙofa ɗaya.

Mai Zanen Gini:
Amin. To ga abin da zan sa a takardar farko da za a ba hukumar makaranta, ku gyara min: ramukan gwaji a jikin fandisho, gwajin ƙasa, gwajin bulo daga bangon da ke tsaye, sannan a zana hanyoyin biyu a kwatanta. Ba a taɓa rufin ba sai an sami waɗannan.

Injiniyar Ƙasa:
Ƙara abu ɗaya, Malam. A zagaya tsohon ginin a rubuta kowace tsaga da faɗinta da kwanan wata, a ɗauki hoto, a manna ma'auni a kan manyan, a kafa alamar tsayi a kusurwoyi huɗu. A sake aunawa bayan haƙa, bayan zuba dekin, da kuma bayan damina ta farko. Tsagar da ta wuce milimita 5, ko wadda take ƙaruwa tsakanin awo biyu, a tsayar da aiki a kira mai lissafi ya zo ya gani da idonsa.